Mutum-Mutumi Ko Majiyyaci: Da Wanne Za A Horar Da Nas-Nas Ɗinmu?

Daga Wakilinmu

A shekarar 2023, yawan ɗaliban da aka yarda makarantun koyon aikin jinya na ƙasar nan su ɗauka a shekara guda 28,000 ne. Ba a daɗe ba Gwamnatin Tarayya ta ɗaga adadin zuwa 64,000, a 2025 kuma aka ba da sanarwar ya kai 115,000. Dalilin yin haka ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2024 Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Tun da randa na yoyo, sai aka ga dabara ita ce a ƙara yawan masu ɗebo ruwa.

Ƙara kujeru a aji abu ne mai sauƙi, katako da kafinta kawai ake bukata. Abin da takardar ofis ba ta iya ƙarawa shi ne gadon asibiti, da majiyyacin da ke kwance a kai, da ƙwararriyar sistar da za ta tsaya a kan ɗaliba ta ce mata ba haka ake yi ba. Wannan cunkoso ne ya sa maganar mutum-mutumi ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, watau a gina ɗakunan koyon aiki a cikin makaranta, a cika su da mutum-mutumin roba masu numfashi da bugun zuciya, wasu har haihuwa suke yi, ɗalibai su yi wani kashi na horonsu a nan maimakon asibiti. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Ni dai a ganina a sayi mutum-mutumin, a kuma yi aiki da shi sosai, amma kada a rage wa ɗalibin Jihar Katsina ko sa'a ɗaya daga lokacin da ya kamata ya yi a gaban majiyyaci saboda shi.

Ma'aunin da zan auna maganar da shi kuwa Karare ce. Karare mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Batsari, a yammacin jihar, yankin da shi da Safana suke maƙwabtaka da dajin Rugu. Kowa ya san abin da mutanen wannan yanki suka gani a hannun 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kuma yi watanni a haka. Mai karatu ya ɗan tsaya ya ƙiyasta halin ma'aikaciyar asibiti a ƙauye irin wannan a wancan lokaci. An kawo mata mace cikin dare jini na zuba, babu likita, babu wayar da za ta kira wani ta yi tambaya, hanya kuma ba ta biyuwa sai gari ya waye. Abin da ke cikin kanta da abin da hannunta ya saba, iyakar abin da matar nan take da shi ke nan. Layin waya ya daɗe da dawowa, amma kaɗaicin ma'aikacin lafiya na karkara yana nan inda yake. Galibin ƙananan asibitocin ƙauye ma'aikatan lafiyar al'umma ne ke riƙe da su, irin waɗanda ake horarwa a Kankiya da Daura. Inda aka yi sa'a aka sami nas ko unguwarzoma, to, ita ce babba, wurinta kowa zai juyo in abu ya ɓaci. Gwamnatin jiha kuwa ta sha faɗin cewa burinta kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 ta sami asibitin da ke aiki. Ɗaliban da ke Makarantar Koyon Aikin Jinya ta Katsina da ta Unguwarzoma ta Malumfashi a yau, su ne za a tura waɗannan wurare gobe. Duk horon da bai shirya su tsayawa su kaɗai ba, horon birni ne, ko da wane irin kaya aka yi shi.

Bari mu fara ba mutum-mutumi haƙƙinsa. Da farko dai ba baƙo ba ne. Tun a 1759 Sarkin Faransa ya ɗora wa wata unguwarzoma mai suna Madam du Coudray aikin zagaya ƙauyukan ƙasar tana koya wa mata karɓar haihuwa, kuma abin koyarwarta ƙugun mace ne da jariri da ta ɗinka da ƙyalle da fata. A 1911 wata mai sana'ar 'yar tsana, Martha Chase, ta yi wa makarantar jinya ta asibitin Hartford a Amurka wata 'yar tsana mai girman mutum domin koyon wanke majiyyaci da juya shi a gado. A 1960 kuma kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe ya fito da Resusci Anne, wadda ake koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya a kanta. Makarantunmu ma sun daɗe da ɗakin gwaji mai gado da 'yar tsana. Sabon abin kawai shi ne kwamfutar da aka sa a ciki, da tsadar da ta biyo baya.

Amfaninsa na farko na majiyyaci ne. Wa ake koyon allura a jikinsa a asibitocinmu? Ba mai kuɗi ba ne, shi yana ɗakin musamman, ko ma yana ƙasar waje. Talaka ne, matar ƙauye ce wadda ba za ta iya buɗe baki ta ce wannan yarinya ta soke ni sau huɗu ba ta sami jijiya ba. Adalci ya ce hannun da zai taɓa ta ya riga ya gwada sau ashirin a kan roba. Wannan kaɗai ya isa hujjar a kafa doka cewa ɗalibi ba zai yi wani aiki a jikin mutum ba sai malaminsa ya ga ya iya shi a ɗakin gwaji.

Amfani na biyu ya fi girma, shi ne al'amuran gaggawa. Akwai abubuwan da ɗaliba za ta iya gama shekarunta uku ba ta taɓa yinsu da hannunta ba, domin in suka faru a babban asibiti ture ɗalibai gefe ake yi, manya su karɓi aiki, kuma daidai ne a yi haka. Jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba, minti ɗaya ake da shi a fara hura masa iska. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i. Mai jijjiga ba ta jira a duba littafi. Irin waɗannan sai an maimaita su har hannu ya riƙa yi tun kafin tunani ya iso, majiyyaci kuwa ba a maimaita aiki a kansa. A Tanzaniya an horar da masu karɓar haihuwa a asibitoci 8 da wata 'yar tsanar jariri mai suna NeoNatalie, wadda ruwa ake ɗura mata ta yi nauyin jariri, ba ta bukatar lantarki. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100. Nan gida ma muna da shaida. Binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano take cikin jagororinsa, ya shafi mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An sa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a san ainihin jinin da ya zuba, aka kuma horar da ma'aikata ta hanyar gwaji a wurin aikinsu su ba da magungunan gaba ɗaya maimakon bi da bi. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 75,000 sun rasu wajen ciki da haihuwa a 2023, fiye da rubu'in na duniya duka, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai dai a lura da abu guda game da waɗannan misalai biyu. Waɗanda aka horar ma'aikata ne da ke cikin ɗakin haihuwa kullum. Gwajin ƙari ne a kan aikin asibiti, ba a cire musu komai ba.

Masu son a musanya sa'o'in asibiti da na ɗakin gwaji, babbar madogararsu wani bincike ne da majalisar hukumomin jinya ta jihohin Amurka ta buga a 2014. An bi ɗalibai 666 na makarantu 10, aka kasa su uku: waɗanda suka yi horon asibiti yadda aka saba, da waɗanda aka musanya musu kashi 25 cikin 100 da gwaji, da waɗanda aka musanya musu rabi. Da suka gama, har zuwa wata shida da kama aiki, ba a ga bambancin a-zo-a-gani a tsakaninsu ba. Bincike ne mai kyau, ba na musunsa. Amma waɗanda suka yi shi sun gindaya sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne akan manta a faɗa a wajen taro. Sai an sami malaman da aka horar musamman kan wannan hanya, da isassun kayan aiki, da zama bayan kowane gwaji a warware wa ɗalibi abin da ya yi daidai da inda ya kuskure. Ɗalibai ƙalilan ne a kan kowane mutum-mutumi, kowa ya sa hannu. In aka jera ɗalibai tamanin a bayan 'yar tsana ɗaya, malami ya yi, su kalla, wannan lacca ce aka yi a tsaye. Bugu da ƙari, nas ɗin Amurka da ta gama makaranta tana shiga asibitin da ke da likita da na'urori da manyan da za su riƙe hannunta watanni. Ingila ma da take da duk wannan, a 2023 hukumarta sa'o'i 600 kawai ta yarda a yi da gwaji daga cikin 2,300 na koyon aiki, watau kusan rubu'i. Ƙasashen da ke ɗauke mana nas-nas ke nan, kuma abin da suke yabawa a wurin namu, a iya sanina, shi ne sun saba da majiyyaci.

Yanzu mu zo kan abin da roba ba za ta taɓa koyarwa ba, domin nan ne zuciyar maganar take.

Jijiyar mutum-mutumi a fili take, kullum tana wuri ɗaya. Yaron da tamowa da gudawa suka tsotse, jijiyarsa ta lafe, fatarsa in an ja ba ta komawa, neman inda za a sa masa allurar ƙarin ruwa aiki ne da yatsa ke koya bayan ya taɓa yara da yawa. Irin wannan yaro kuwa ruwan ma in ya yi yawa yana iya kashe shi. Ba ƙaramin al'amari ba ne a jiharmu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da labarin cewa yara 652 masu tamowa sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya kasuwarsu Turai ce da Amurka, cututtukan da suka fi damunmu ba su ne a gabansu ba. Farin ido da farin tafin hannun mai ƙarancin jini, da yadda zazzaɓin cizon sauro kan juya ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin yini guda, da warin miki da ya fara ruɓa, waɗannan sai ido da hanci sun saba.

Sa'an nan mutum-mutumi ba ya jin kunya. Yarinya mai cikin fari a ƙauye za ta danne naƙuda ta yi shiru, ka tambaye ta ta sunkuyar da kai, uwar miji ce za ta amsa, kuma ba lalle amsar ta zama daidai ba. Nas ɗin da ta ƙware ta san yadda za ta fitar da kowa waje da dabara ba tare da ta ɓata wa tsohuwa rai ba, ta san yadda za ta tambayi irin jiƙe-jiƙen da aka sha a gida har a gaya mata gaskiya. Ta san yadda za ta yi magana da maigidan da ke tsaye yana lissafin kuɗin mota zuwa Katsina, ta sa shi ya yarda a tafi yanzu, ba sai an sayar da akuya ranar kasuwa ba. Sau da yawa wannan 'yar magana ita ce ke ceton rai, fiye da allurar. Ana iya sa wani ɗalibi ya yi wasan kwaikwayon miji a ɗakin gwaji, kuma yana da amfani, amma kowa a ɗakin ya san wasa ne, ƙarshenta dariya.

Ba ya kuma mutuwa. In ɗaliba ta yi kuskure sai a danna maɓalli ya farfaɗo. Wannan shi ne alherinsa, shi ne kuma iyakarsa. Dole ɗaliba ta ga mutuwa ta farko alhali akwai babba a gefenta, ta ga yadda ake rufe mamaci, yadda ake gaya wa dangi, yadda ake wanke hannu a wuce gado na gaba. In ranar farko da ta gamu da wannan ita ce ranar da take ita kaɗai a ƙauye da fitilar hannu, to, an zalunce ta, an kuma zalunci wadda ke kwance.

Kada wani ya ɗauka ina cewa horon asibiti yadda ake yinsa yanzu ba shi da aibi. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibiti ya ga ɗalibai cikin fararen kaya sun yi cincirindo a bakin ƙofa, wasu an aike su karɓo kati ko kai jini ɗakin awo, wasu na zaune suna jiran lokacin tashi. Sistar da ya kamata ta koya musu ita kaɗai ce a kan gadaje masu yawa, abokan aikinta sun tafi Ingila ko Saudiyya, ba ta da lokacin numfashi balle koyarwa. Ƙarshen wata a miƙa mata littafin shaidar aiki ta sa hannu a kan abubuwan da ba ta ga an yi ba. Sa'ar da aka yi a haka sunanta sa'ar asibiti a takarda, amma ba a koyi komai a cikinta ba. Abin da ya ɓace a nan shi ne dai abin da binciken Amurka ya ce sai da shi a ɗakin gwaji, watau malami mai lokaci. Wanda ya gudu daga asibiti zuwa ɗakin gwaji don rashin malamai zai tarar da matsalar ta riga shi isa.

Akwai kuma haɗarin da jarrabawa ke kawowa. Jarrabawar ƙarshe ta Hukumar Jinya yanzu ta ƙunshi salon nan da wani malamin likitanci, Ronald Harden, ya fito da shi a Dandi ta Sikotilan a 1975, inda ɗalibi ke bin tebur-tebur, a kowanne ya yi wani aiki cikin 'yan mintoci, mai jarrabawa na duba jerin matakai yana ba da maki. Salo ne mai adalci, ya rage son kai. Amma makarantar da ke neman suna, musamman masu zaman kansu da suka yawaita, tana iya mayar da ɗalibai masu haddar matakai a kan 'yar tsana, su ci jarrabawa da kyau alhali ba su taɓa kwana a ɗakin haihuwa ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, babban asibiti ma yana da irin tasa gazawar wajen shirya ɗalibi zuwa Karare. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, akwai likitoci da ɗakin awo da ɗakin tiyata, saboda haka ɗaliba tana ganin cututtuka iri-iri amma ba ta ganin nas na yanke shawara ita kaɗai. Muhimmin ilmin nas ɗin ƙauye shi ne sanin wanda za ta riƙe da wanda za ta tura gaba, da kuma lokacin turawa. Wannan a asibitoci irin na Batsari da Dutsin-Ma ake koyonsa. Na san abin da za a ce, tsaro. Ba wanda ya manta ɗaliban Ƙanƙara na Disamban 2020, ko 'yan matan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a 2023, kuma babu shugaban makarantar da zai so ya ɗauki alhakin 'ya'yan mutane. Tsoron na gaskiya ne. Amma in an ce wuri ya yi haɗari ga ɗaliba ta yi wata biyu tare da malami da masauki mai gadi, da wane baki za a ba ta takardar aiki a can ita kaɗai bayan shekara guda? Shirin nan na horar da mata aikin lafiya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin Arewa, har da Katsina, ya nuna hanya ɗaya, ita ce a ɗauko 'yan matan ƙauyukan da kansu, a shirya su shiga makaranta, su koma su yi wa mutanensu aiki. 'Yar Batsari ba baƙuwa ba ce a Batsari, tana da inda za ta kwana, ta san hanya, ta san harshen tsofaffin garin.

Saura maganar kuɗi, wadda 'yan'uwa ma'aikatan gwamnati suka fi ni sani. Mutum-mutumi mai kwamfuta kwangila ce mai daɗin bayarwa, ana yanke kirtani, a ɗauki hoto. Yana bukatar lantarki marar yankewa, da ɗaki mai sanyi, da injiniya, da kayan gyaran da sai an yi odarsu da dala. Mun sha ganin na'urori masu tsada a ma'aikatu daban-daban an lulluɓe su da leda, ba a buɗewa sai ranar da masu duba makaranta za su zo. In haka ta faru, sai a tambaya, in ba ƙira me ya ci gawayi? Kuɗin guda ɗaya irin wannan zai sayi NeoNatalie da MamaNatalie, mai koyar da tsayar da jini, masu yawan gaske, waɗanda ake sawa a jaka a ɗora a babur. Waɗannan ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta saya, kuma kada a tsaya a makarantu. A ajiye su a asibitin Batsari da na sauran ƙananan hukumomi, ma'aikatan Karare da Wagini da Ruma su riƙa zuwa suna maimaita aikin gaggawa lokaci-lokaci, domin hannun da bai yi abu ba wata shida yakan manta.

Ragowar kuɗin a zuba shi a kan mutane. Kowace makaranta ta sami malaman da aikinsu kawai shi ne bin ɗalibai cikin asibiti, a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, sistar da ke koyarwa a bakin gado kuma a ba ta alawus, tun da aiki biyu take yi. Hukumar Jinya, wadda Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa domin tsare darajar wannan aiki, ita ke da ikon cewa makaranta ba za ta ɗauki ɗalibai fiye da gadajen da take da su na koyarwa ba, komai kyan ɗakin gwajinta. Majalisar Dokokin Jihar Katsina kuwa, idan kasafin Ma'aikatar Lafiya ya zo gabanta da layin sayen kayan gwaji, wakilan Batsari da Safana su nemi a nuna musu layin malaman bakin gado da na masaukin ɗalibai a asibitocin yankinsu kafin su amince.